YADDA 'YAN JARIDA SUKA TONO SHIRIN HARIN MUMBAI

Jawabin da aka karanta a wani taron 'yan Arewa mazauna Ikko



Maganar yau a kan 'yan jarida masu bin diddigi take, watau waɗanda ba su tsayawa ga sanarwar gwamnati ko ta 'yan sanda, sai sun bi sawun labari har gindinsa. Don kada magana ta watse, an ɗauki misali guda ɗaya, shi ne harin da aka kai birnin Mumbai na ƙasar Indiya cikin shekarar 2008.

Mumbai shi ne birnin da a da ake kira Bombai, inda ake yin finafinan Indiyan nan da kowa ya sani. Yana bakin teku, kuma shi ne cibiyar cinikin ƙasar. Cike yake da 'yan ci-rani daga arewacin Indiya, musamman jihohin Uttar Pradesh da Bihar, wasu direbobin tasi, wasu masu gadi, wasu 'yan dako, wasu masu sayar da abinci a bakin titi. A cikin wannan shekara ta 2008 ɗin ma, tun kafin harin, magoya bayan wani ɗan siyasa mai suna Raj Thackeray sun yi ta dukan waɗannan baƙi suna farfasa musu motoci, wai sun zo sun ƙwace wa 'yan gari aiki. Wanda ya zauna a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun ba ya bukatar a yi masa bayanin irin wannan zama.

Ran Laraba 26 ga watan Nuwamba da dare, samari goma suka sauka daga wani kwale-kwalen roba a unguwar masunta ta kudancin birnin, kowa da jaka a baya. Wasu masunta sun gan su sun tambaye su, aka ce musu su kula da harkar gabansu. Daga nan suka rarrabu. Suka auka wa babbar tashar jirgin ƙasa, da wani gidan cin abinci mai suna Leopold, da manyan otal biyu, Taj da Oberoi, da wani gidan Yahudawa mai suna Nariman. Aka shafe wajen awa 60 ana ɗauki ba daɗi, sai ran 29 ga wata da safe aka gama da su. Mutum 166 suka rasu, sama da 300 suka jikkata. Kyamarorin duniya sun fi karkata ga otal ɗin Taj saboda manyan baƙin da ke ciki, alhali kuwa a tashar jirgin ƙasa kaɗai an kashe mutum 58, da yawansu talakawa ne da ke zaune a kan ƙunshin kayansu suna jiran jirgin da zai kai su gida, kuma akwai Musulmi da dama a cikinsu. Mai sanarwar tashar, Vishnu Zende, ya tsaya a kan lasifika yana ta nuna wa fasinjoji ƙofar da za su bi su tsira.

To, tun wuta ba ta mutu ba, sai ga wata takarda an aika wa gidajen watsa labarai da sunan wata ƙungiya wai ita Deccan Mujahideen, tana cewa ita ta kai harin. Deccan kuwa yanki ne na cikin Indiya. Maharan kuma an ba su katin shaidar ɗalibta na wata kwaleji da ke Haidarabad da sunayen Hindu, an ɗaura musu jan zare a wuyan hannu irin wanda mabiya addinin Hindu ke ɗaurawa. Abin da masu shirin suka nufa shi ne samarin goma su mutu gaba ɗaya, babu mai ba da labari, sa'an nan zargi ya tsaya a cikin gida, maƙwabci ya dubi maƙwabci.

Abin da ya ɓata wannan dabara shi ne wani ƙaramin ɗan sanda mai suna Tukaram Omble. A wani shingen da aka tare motar biyu daga cikin maharan, ya rungumi bakin bindigar ɗayansu, harsasai suna shiga jikinsa bai saki ba, har abokan aikinsa suka danne yaron da ransa. Omble ya rasu. Yaron shi ne Ajmal Kasab, wanda wani mai ɗaukar hoto na jaridar Mumbai Mirror, Sebastian D'Souza, ya riga ya ɗauki hotonsa a tasha da bindiga a hannu. Wannan hoto ya zama shaida a kotu.

Kasab ya ce shi mutumin wani ƙauye ne mai suna Faridkot a ƙasar Pakistan, kuma ƙungiyar Lashkar-e-Taiba ce ta horar da su. Hukumomin Pakistan suka ce ba su san da shi ba. Nan ne aikin jarida ya fara. Ƙauyukan da ke amsa sunan Faridkot a lardin Punjab sun fi ɗaya, kuma 'yan jaridan da suka fara zuwa sun koma hannu wofi. Wani wakili mai suna Saeed Shah bai haƙura ba. Ya bi su har ya isa wanda ke gundumar Okara, ya tarar da jami'an tsaro cikin fararen kaya sun riga shi, mutanen gari kuma bakinsu ya yi nauyi. Sai ya nemi abin da ba ya tsoron kowa, watau rajistar masu jefa ƙuri'a, ya kuwa sami sunan uban yaron da na uwarsa a ciki. Jaridar Observer ta Ingila ta buga labarin a farkon watan Disamba. 'Yan kwanaki bayan haka jaridar Dawn, ta Pakistan ɗin kanta, ta sami uban, wani talaka mai sayar da soye-soye a kan titi, ya amsa cewa ɗansa ne. Ran 7 ga Janairu 2009 gwamnati ta yarda Kasab ɗan ƙasarta ne, kuma a ranar aka sallami mai ba Firayim Minista shawara kan tsaro, Mahmud Ali Durrani, saboda ya riga shugabansa faɗa. Cikin watan Fabrairu aka ƙara amsa cewa a Pakistan aka ƙulla wani sashe na shirin.

Amma fa Kasab ɗan aike ne kurum. Yaro ne da ya bar makaranta da wuri, ya yi leburanci a Lahore, bai taɓa taka Mumbai ba. Yaya aka yi baƙi goma da suka taso daga Karachi, suka ƙwace wani jirgin kamun kifi na Indiya mai suna Kuber suka kashe ma'aikatansa, suka san wurin sauka cikin dare, suka san ƙofofin otal da lungunansa kamar gidan ubansu? 'Yan sandan Mumbai sun gurfanar da wasu Musulmin Indiya biyu, suka ce su suka zana taswira. A watan Mayu 2010 kotu ta wanke su daga wannan tuhuma, manyan kotuna kuma suka tabbatar.

Wanda ya yi leƙen asirin na gaskiya bai yi kama da wanda ake zato ba. An haife shi a Washington a 1960, sunansa Daood Gilani, ubansa mutumin Pakistan, uwarsa Ba'amurkiya. Fari ne, idanunsa ma kowanne da launinsa. An kama shi da ƙwayar heroin har sau biyu, a 1988 da 1997, ya sami sassauci don ya yarda ya zama ɗan rahoton hukumar hana fataucin miyagun ƙwayoyi ta Amurka. Daga 2002 ya shiga zuwa sansanonin horo na Lashkar. A 2006 ya sake suna ya koma David Coleman Headley, don ya shiga Indiya da fasfon Amurka ba tare da kowa ya ɗaga gira ba. Tsakanin Satumba 2006 da Yuli 2008 ya je Mumbai sau biyar. Ya buɗe ofis wai na taimaka wa masu neman bizar ƙasashen waje, reshen kamfanin wani abokinsa na ƙuruciya da ke Chicago, Tahawwur Rana. Ya kwana a otal ɗin Taj a matsayin baƙo mai kuɗi, ya yi abota da 'ya'yan manya, ya ɗauki hotuna, ya shiga jirgin ruwa yana duba gaɓar teku. Jan zaren nan ma shi ya sayo shi a wani wurin bauta na birnin. Ba a kama shi ba sai watan Oktoba 2009 a filin jirgin saman Chicago, shi ma a kan wani shirin dabam na kai wa wata jarida hari a ƙasar Denmark.

Da ya amsa laifinsa a 2010, hukumomin Amurka sun so a ɗauki maganar a matsayin nasara a rufe littafi. Wani ɗan jarida mai suna Sebastian Rotella, na wata cibiyar binciken labarai da ake kira ProPublica, ya ɗauko tambayar da ba a so: yaushe aka fara sanin halin mutumin nan? Ya bi takardun kotu, ya nemi tsofaffin jami'ai a Amurka da Faransa da Indiya, ya haɗa abin da wannan ya faɗa da abin da wancan ya faɗa. A watan Oktoba 2010 ya bayyana cewa tun 2005 matar Headley ta gaya wa jami'an tsaro a New York cewa mijinta yana zuwa horo wurin Lashkar. Jaridar New York Times ta ƙara da cewa wata matar tasa, 'yar ƙasar Maroko, ta je ofishin jakadancin Amurka a Islamabad tun ƙarshen 2007 da irin wannan ƙorafi. An saurare su, an rubuta, an ajiye. Da alama an ɗauki zancen nasu a matsayin fushin mata da miji. Har ila yau Headley ya shaida wa kotu cewa wani jami'in leƙen asirin Pakistan da ya sani da suna Manjo Iqbal ya ba shi dala 25,000 don wannan aiki. Pakistan ta musa.

Bincike mafi nauyi ya fito a watan Disamba 2014, lokacin da Rotella ya haɗa hannu da James Glanz da David Sanger na New York Times, suka yi aiki da takardun sirrin da Edward Snowden ya fitar. Suka nuna cewa watanni kafin harin, ma'aikatar leƙen asirin Ingila tana kallon abin da Zarrar Shah, masanin kwamfuta na Lashkar, yake yi a intanet, har da neman bayanin otal-otal na Mumbai da shirya hanyar waya ta wani kamfani a Amurka da sunan ƙarya. Indiya ma tana bin sa ta nata ɓangaren. Amurka kuwa ta riga ta gargaɗi Indiya cewa ana iya kawo hari ta teku, har an ambaci Taj. Kowa yana riƙe da guntun ƙwarya, ba wanda ya kawo nasa aka haɗa sai bayan da jini ya zuba. Babu gwamnatin da za ta fito da kanta ta faɗi irin wannan.

Ba a ce duk ɗan jarida ya fita kunya ba. Lokacin da ake faɗan, masu ba da umarni suna zaune a wani ɗaki a Karachi, ga telebijin a gabansu, ga waya a kunne, suna gaya wa samarin abin da suke gani. Gidajen telebijin na Indiya kuwa suna ta rige-rigen nuna motsin sojoji kai tsaye. Muryoyin nan an naɗe su, kuma wani Bature mai suna Dan Reed ya sa su a fim ɗin da ya yi a kan harin a 2009. Kotun Ƙolin Indiya, a hukuncinta na Agusta 2012, ta yi wa gidajen telebijin ɗin kaca-kaca a kan wannan. Mai gaggawar ya riga kowa da mai haƙurin bin rajistar ƙauye duk sunansu ɗan jarida, amma aikin nasu bai haɗa hanya ba. Na biyun kuma shi ke sayar da rai. Daniel Pearl na jaridar Wall Street Journal, wanda ofishinsa a Mumbai yake, an sace shi a Karachi a Janairu 2002 yana bin sawun irin waɗannan ƙungiyoyi, aka kashe shi. Saleem Shahzad, ɗan Pakistan, an tsinci gawarsa a ƙarshen Mayu 2011, kwanaki kaɗan bayan ya yi rubutu a kan harin da aka kai wani sansanin sojan ruwa a Karachi.

Abin da ya sa wannan labari ya shafi mazaunin Kurmi a fili yake. Duk sa'ad da bom ya tashi, idon gari kan baƙo talaka yake fara sauka, mai gadi da mai shayi da ɗan acaɓa. A watan Yuni 2014 sojoji sun tare motoci sama da 30 a Jihar Abiya, suka tsare matafiya 486 'yan Arewa bisa zargin Boko Haram. Rundunar ta ce ta sami wani da take nema a cikinsu, daga baya kuma aka saki da yawa, bayan jaridu sun riga sun yi musu suna. A Mumbai, da aka bi sawu har ƙarshe, talakan birni ya fito a cikin waɗanda aka kashe, da waɗanda suka fara ganin maharan suka yi tambaya. Musulmin birnin ma sun ƙi yarda a binne gawawwakin maharan tara a maƙabartarsu. Wanda ya share wa harin hanya kuwa yana ɗakin otal mai tsada da fasfon Amurka a aljihu.

An rataye Kasab a kurkukun Yerwada da ke Pune ran 21 ga Nuwamba 2012. Headley ya sami ɗaurin shekara 35 a Janairu 2013. A 2015 Tariq Khosa, wanda ya shugabanci hukumar binciken manyan laifuffuka ta Pakistan, ya rubuta a jaridar Dawn cewa jami'ansa sun gano sansanin horon a Thatta da ɗakin ba da umarnin a Karachi. Sajid Mir, wanda Headley ya ce shi ne ubangidansa a Lashkar, an daɗe ana cewa ya mutu, sai ga shi a 2022 wata kotun Pakistan ta ɗaure shi shekara 15 a kan tara wa 'yan ta'adda kuɗi. Tahawwur Rana kuma Amurka ta miƙa shi ga Indiya a watan Afrilu 2025, shekara 16 da 'yan watanni bayan daren da kwale-kwalen nan ya sauka.