Mace Ita Kaɗai a Ɗaki: Yadda Muke Ba da Labarin Haihuwar Gida



A watan Nuwamba na 2025 jaridar Guardian ta Ingila ta fitar da dogon bincike a kan wata ƙungiya a Amurka mai suna Free Birth Society. Ƙungiyar tana sayar wa masu juna biyu darussa ta intanet, tana zuga su su bar zuwa awo, su haihu ba likita ba ungozoma. Jaridar ta bi diddigin jariran da suka rasu ko suka nakasa a ƙasashe daban-daban. Aiki ne na a yaba. Sai dai da labarin ya shiga bakin duniya, an zuba abubuwa mabambanta a ƙwarya ɗaya, an kira su duka "haihuwar gida".

A Ingila mace tana iya haihuwa a ɗakinta, ƙwararriyar ungozoma na gefenta da kayan aiki, motar asibiti kuma kira ɗaya ce. Binciken Birthplace na 2011 ya nuna cewa mai ƙoshin lafiya da ta taɓa haihuwa, haɗarin da ke kan jaririnta a gida bai wuce na asibiti ba. Mai cikin fari kuwa haɗarinta ya fi, kuma kusan kashi 45 cikin ɗari sai da aka garzaya da su asibiti. Wannan daban, abin da waccan ƙungiya take tallatawa daban.

Namu kuma daban yake da duka biyun. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2008 ta nuna cewa a Najeriya kusan haihuwa ɗaya cikin biyar ana yin ta ba kowa a wurin, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na irin wannan haihuwa a Arewa ake yi. Mu ba darasi muka saya ba, gado muka tarar. Ungozomar gargajiya sau da yawa sai an sauka ake aika mata, ta zo ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya.

Yayata ta yi haihuwa ta shida ita kaɗai. Ta share ɗaki, ta ɗora ruwa a murhu, ta saki labule, ta durƙusa. Kishiyarta da ke tankaɗe a tsakar gida kukan jariri kawai ta ji. Ranar suna ba abin da mata ke faɗa sai "Ai wance jaruma ce, ko tari ba a ji ba." A ta bakwai mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini ya ɓalle. Ƙarfe biyun dare muna neman adaidaita sahu layi-layi, zanin da muka naɗe ta da shi ya jiƙe sharkaf. Sai da aka ƙara mata jini leda biyu. Da ta farfaɗo na ce, "Yaya, me ya hana ki faɗa tun da wuri?" Ta ce, "Ke dai bari. A ta uku na je asibiti. Wata nas ta ɗaka mini duka a cinya, ta faɗa mini maganar da har yau ban iya maimaita wa mijina ba."

Na yi shekaru ina karanta rahotanninmu na 'yan jarida, kuma da wuya in ga wannan amsa a ciki. Mukan rubuta cewa jahilci da al'ada ne ke kashe mata, mu sa muryar wani jami'i, mu rufe da sanarwar "a riƙa zuwa asibiti". Kunya tana nan, ban musa ba, kuma yabon jarumtar nan ya kai mata da yawa kabari, ya kai wasu asibitin Babbar Ruga a Katsina da yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda. Amma matar da aka miƙa wa mijinta takardar safar hannu da auduga da allurai alhali ba ko sisi a aljihunsa, wadda ta isa asibitin ƙauye da dare ta tarar da kwaɗo a ƙofa, kiranta jahila zalunci ne. Kalmar "zaɓi" da Turawa ke muhawara a kanta ma ba ta zauna a kan wannan mata ba, tunda ba a ba ta abu biyu ta ɗauki ɗaya ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mata kusan 75,000 suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa galihu. Dukanmu mun buga sanarwar. Mu nawa a cikinmu muka je ɗakin haihuwa da tsakar dare, muka zauna a benci tare da dangin mai naƙuda, muka tambaye su nawa aka ce su kawo?