Abinci da Motsa Jikin Wanda Ya Ba Da Ƙodarsa



Ciwon ƙoda ba baƙo ba ne a Jihar Yobe. Shekaru da yawa ke nan likitoci suna lura da yawan masu fama da shi a arewacin jihar, musamman Gashuwa da Nguru da ƙauyukan da ke kewaye da su. Potiskum kuwa mahaɗar hanyoyi ce, inda na Kano da na Bauchi da na Gombe da na Maiduguri suke gamuwa, saboda haka da wuya a sami zaure a garin da ba a taɓa jin labarin wani da aka kai wankin ƙoda ba. Idan ƙodojin mutum biyu suka gaza gaba ɗaya, hanya biyu ce ta rage: ko a riƙa wanke masa jini da na'ura sau biyu ko uku a mako, ko a dasa masa ƙodar wani. A Nijeriya kusan duk ƙodar da ake dasawa daga mai rai take fitowa, galibi ɗan'uwa na jini. Wannan jawabi a kan shi wannan ɗan'uwan ne, wanda akan manta da shi da zarar majinyaci ya miƙe.

Tun a ranar 23 ga Disamba 1954 aka fara cin nasarar dashen ƙoda a birnin Boston na Amurka, inda Dokta Joseph Murray ya dasa ƙodar Ronald Herrick a jikin ɗan tagwayensa Richard. Ronald ya rayu shekara 56 da ƙoda ɗaya, ya rasu a 2010 yana da shekara 79. A nan gida, an fara aikin a Asibitin St. Nicholas na Legas a 2000, sannan Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a 2002, na Jami'ar Maiduguri kuma a 2010. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi ta halatta irin wannan kyauta a zamanta na Jidda a 1988, muddin ba za ta halaka mai bayarwa ba, kuma ba ciniki ba ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ma ta haramta sayar da sassan jikin ɗan Adam.

Aikin ƙoda shi ne tace jini, ta fitar da dauɗa da rarar ruwa da gishiri a cikin fitsari. Idan aka cire ɗaya, wadda ta rage takan ƙara girma, a hankali ta ɗauki kusan kashi 70 cikin 100 na aikin da su biyu suke yi. Wannan ya wadatar da rayuwa sarai. Amma ya zama ba ta da mataimakiya, don haka ba a ɗora mata kayan da ba dole ba.

Babban kayan da ake ɗora mata cikin rashin sani shi ne yawan furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin nama da kifi da ƙwai da madara da wake da gyaɗa. Jiki yana bukatarsa ƙwarai, balle a makonnin da miki yake warkewa. Sai dai abin da ya rage bayan jiki ya ɗauki bukatarsa ba ya zama tsoka. Hanta ce ke narkar da shi ya zama dauɗa, ƙoda kuma ita ke wahalar fitar da ita. Abin da baligi yake bukata a rana bai wuce giram 0.8 zuwa giram 1 ba a kan kowane kilo na nauyinsa. Mai nauyin kilo 60 ke nan giram 48 zuwa 60 sun ishe shi. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6. Ƙosai da koko da safe, shinkafa da wake da rana, tuwo da miya da 'yar tsokar nama da dare, ga fura da nono a tsakani, sun cika wannan lissafi ba tare da an sayi komai a kanti ba.

A garin da kasuwar shanunsa ke ci kowace Laraba nama ba ya wuya, kuma 'yan'uwa sukan nuna godiyarsu da ƙunshin tsire da kilishi. Niyya mai kyau ce, amma a yi hattara. Kilishi nama ne da aka raba shi da ruwansa, ɗan kaɗan nasa yana ɗauke da furotin mai yawa, ga gishiri da ɗanɗano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da baligi zai ci a rana ya kai giram 5, wato cikin ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke ɓoye a cikin dunƙulen ɗanɗano. Yawan gishiri yana kawo hawan jini, hawan jini kuwa yana cikin manyan masu kashe ƙoda.

Sai kuma wani sabon yayi da ya shigo wa samari masu ɗaga ƙarfe, wato garin furotin na gwangwani da ake damawa a sha don a yi ƙirji. Ludayi ɗaya nasa yakan kai furotin ɗin ƙwai uku ko huɗu. Mai ƙoda ɗaya ba shi da bukatar wannan gari, kuma kada ya kusance shi sai da izinin likitansa. Wani nau'in da ake kira kiriyatin yana iya ɗaga sakamakon awon jini har likita ya kasa gane ko ƙodar ce ta soma gazawa. Abin takaici, mai sayarwa ba ya tambayar mai saye ƙoda nawa gare shi.

Game da motsa jiki, likitoci sukan sa mutum ya tashi ya taka tun kashegarin aiki, domin kwanciya tana sa jini ya daskare a ƙafa. Ɗaukar kaya mai nauyi ne aka hana har mako shida, don kada ɗinki ya buɗe. Ɗan dako da manomi da yaron mota su lura da wannan, iyalansu kuma su tanadi abin da za a ci kafin wa'adin ya cika. Bayan nan tafiya da sauri ta rabin awa, kwana biyar a mako, ta isa. Hawan keke da noma da gudu duk ba laifi. Dambe da kokawa kuwa, da duk wasan da ake naushi ko faɗuwa a kan kwiɓi, gara a bar su, domin in ƙodar ta fashe babu ta biyu.

A bazara zafin Potiskum yakan haura digiri 40. Mai aiki a rana ya riƙa shan ruwa kafin ƙishirwa ta matsa, ya kuma duba fitsarinsa: in ya yi ja ya ragu, ruwa bai isa ba. Direban tirela da ke rage shan ruwa don kada ya tsaya a hanya ƙodarsa yake cuta. In gaɓoɓi sun yi ciwo kada ya sayi ibuprofen ko diclofenac a kemis, don suna rage jinin da ke zuwa ƙoda. Farasitamol bisa ƙa'ida ya fi sauƙin illa. Haka nan jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba.

Mace da ta bayar tana iya haihuwa, sai dai ta shawarci likita kafin ta ɗauki ciki, ta kuma lizimci awo, domin hawan jinin masu ciki ya ɗan fi samun irinta. Azumin farko bayan aiki shi ma a tambayi likita tukuna. Sannan kowace shekara, ko ba a jin ciwon komai, mai bayarwa ya je asibiti a auna hawan jininsa, a duba fitsarinsa da jininsa, ya kuma riƙe katinsa yana nuna wa kowane likita kafin a rubuta masa magani.