Ɓera Da Binciken Ciwon Dajin Hanta

Jawabin yau a kan ciwon dajin hanta ne, da yadda masana ke amfani da ɓera don gano sirrinsa.

Wannan ciwo ba kullum yake tsayawa a hanta ba. Wani lokaci ƙwayoyinsa sukan ɓalle su bi jini, su sauka a huhu ko a ƙashi. Sun fi kama ƙashin baya da haƙarƙari da ƙugu. Sai ƙashin ya yi ta rububi kamar itacen da gara ta ci. Majiyyaci ya kasa barci don zogi. Ƙashin ma yakan karye ba tare da an faɗi ba.

To, yaya za a ga wannan tafiya ta ƙwayoyin? Ba dama a sa wa ɗan Adam cuta don gwaji. Shi ya sa aka koma ga ɓera. Akwai wani irin ɓera marar gashi, wanda garkuwar jikinsa ba ta da ƙarfi. Jikinsa ba ya korar baƙon abu. A shekarar 1969 likitoci biyu a ƙasar Danmak suka dasa masa dajin mutum, kuma ya kama.

A ɗakin bincike ana renon ƙwayoyin dajin hanta cikin kwalba. Ana sa musu sinadarin ƙwaron nan mai walƙiya da dare. Sai a yi wa ɓera allurarsu a zuciya ko a ƙashin ƙafa. Kamara ta musamman tana nuna haske a duk inda suka sauka. In aka ba da magani hasken ya ragu, alama ce yana aiki.

Amma ɓera ba mutum ba ne. Magunguna da yawa sun yi aiki a ɓera, suka kasa a mutum. Saboda haka rigakafi ya fi.

Manyan masu jawo ciwon nan a ƙasashenmu su ne cutar hanta mai suna hefatayitis B, da gubar gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna. Tun 2004 Nijeriya ta sa allurar wannan cuta cikin rigakafin yara. A kai jariri a yi masa ita ranar da aka haife shi. A shanya amfanin gona ya bushe sosai kafin a zuba a rumbu. Mai ciwon hanta kuma, in bayansa ya matsa masa, kada ya tsaya ga tsaga ko ƙaho. Ya tafi asibiti da wuri.

Allah ya ba mu lafiya, amin.