Ƙirar Ƙarfe Mai Harhaɗuwa: Abin da Hamadar Black Rock Ta Koyar



Kowace shekara a ƙarshen watan Agusta, dubban mutane kan kafa garin mako guda a hamadar Black Rock da ke jihar Nebada ta Amurka, domin bikin Burning Man da ya koma can tun 1990. Dokar wurin ita ce idan ka tashi kada ka bar ko ƙusa ɗaya. Saboda haka mai kawo babbar ƙirar ƙarfe sai ya kawo ta gunduwa-gunduwa a bayan mota, ya harhaɗa ta cikin ƙura, ya kwance ta ya koma da abarsa.

A can ne Yelena Filipchuk da Serge Beaulieu suka fara nuna aikinsu mai suna HYBYCOZO a 2014: manyan siffofin lissafi na faifan ƙarfe da aka huda da leza, da fitila a ciki. Da dare ya yi, hasken kan ratsa hudojin ya shimfiɗa zane a ƙasa, irin zanen da muka sani a bangon masallatai.

Ku duba siffa mai fuska 12 da masu irin wannan aiki ke yawan zaɓa. Kowace fuska kusurwa biyar gare ta, kuma duk girmansu ɗaya. Ma'auni ɗaya ka ba maƙeri, ya yanko maka goma sha biyu, har da ta ajiya idan wata ta lanƙwashe a hanya. Amma gaɓoɓinta 30 ne, kuma a kowace gaɓa fuskoki biyu na haɗuwa a kan digiri 116 da rabi da ɗan ɗoriya. Nan gizo ke saƙar. Kuskure kaɗan a kowace mahaɗa taruwa yake yi, sai ka zo faifan ƙarshe ya ƙi shiga. Ni a wurina, mai ƙirar da bai zauna da mai walda a kan mahaɗa ba bai fara aiki ba tukuna, komai kyan abin da ya zana a kwamfuta.

Sai iska. Idan gudunta ya ninka biyu, ƙarfin bugunta ninkawa huɗu yake yi. Wanda ya ga guguwar farkon damina ta yaye kwanon rufi ya san wannan. Hudojin nan na ado suna rage nauyi, suna kuma ba iska hanya, sannan a kafe gindin da dogayen ƙusoshi masu zare.

Ɗalibai, kafin ku taɓa ƙarfe ku yi ƙaramar da kwali. Ku sa noti iri ɗaya a ko'ina, yadda sifana ɗaya zai wadatar. Sannan ku miƙa gunduwoyin ga mutum biyu da ba su taɓa ganin zanen ba, ku koma gefe da agogo ku ga a wace gaɓa za su tsaya.