Tunawa da Samanja Mazan Fama



Yau za mu tuna da marigayi Alhaji Usman Baba Pategi, wanda kowa ya fi sani da Samanja. An haife shi a 1942 a Pategi ta Jihar Kwara, cikin gidan sarautar Nufawa, ya rasu a Kaduna ranar 12 ga Nuwamba, 2023. Ba Bahaushe ba ne, amma da Hausa ya yi suna, a gidan rediyon Kaduna da kuma NTA.

Shi fa sojan gaske ne kafin ya zama na wasa. Shi ya sa Hausarsa ta bariki, mai gauraye da Turancin buroka, ba kwaikwayo ba ce. Mu da muke zaune cikin Gbagyi da sauran ƙabilu mun san irinta sarai, kullum muna jin ta a kasuwar Karu.

To, ga matsalar: yaranmu ba su san shi ba, kasakasan wasanninsa kuwa suna ta lalacewa a akwatuna. Don Allah duk mai kaset a gida ya kawo wa sakataren ƙungiya a kwafa, za a mayar masa da abinsa.

Allah Ya jiƙansa, amin.