Gertrude Elion: Mai Ƙera Magani da Ta Fara da Awo

 

Da wuya a samu wani a cikinmu da bai taɓa haɗiyar Septrin ba, ko bai taɓa sayo wa wani a kemis ɗin unguwa ba. Iyayenmu mata sun san Fansidar da ake ba mai juna biyu a wajen awon ciki. Dattawa kuwa za su tuna Daraprim, ƙwayar nan da a da ake sha duk ranar Lahadi don tsare kai daga zazzaɓin cizon sauro. Kowane ɗaya cikin ukun nan yana ɗauke da sinadarin da ya fito daga ɗakin gwaje-gwaje guda, na kamfanin Burroughs Wellcome a Amurka, inda George Hitchings da Gertrude Elion suka yi aiki tare da abokansu. A kan wannan baiwar Allah nake son yin magana yau, musamman a kan wani ɓangare na aikinta da na lura ɗalibanmu suna rainawa.

An haife ta a birnin Niyok a 1918. Mahaifinta likitan haƙori ne da ya yi ƙaura daga Lituwaniya. Tana da shekara 15 ciwon daji ya kama kakanta, tana zuwa asibiti tana ganin yadda yake ƙarewa har Allah ya karɓi ransa. Wannan ne ya kai ta ga kimiyyar sinadarai. Ta gama kwalejin Hunter a 1937, ta yi digiri na biyu a 1941, amma aikin bincike ya gagare ta samu, domin a zamanin ba a ɗaukar mata irin wannan aiki. Sai da Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe maza sannan ƙofa ta buɗe, kuma ƙofar da ta buɗe ta ɗakin awo ce a wani kamfanin kayan abinci. Aikinta shi ne auna tsamin kayan lambun da aka jiƙa a kwalba da duba launin kwaiduwar ƙwai. Kullum abu guda, safe da yamma. A nan hannunta ya saba da na'urorin awo, ta koyi cewa lambar da ma'auni ya nuna ita ake rubutawa, ko ta yi wa mutum daɗi ko ba ta yi ba.

A 1944 Hitchings ya ɗauke ta aiki. Ku lura da shekarar: saura shekara 9 kafin Watson da Crick su bayyana fasalin DNA. Yawancin masu neman magani a lokacin laluben duhu suke yi, a gwada wannan, a gwada wancan, ko Allah zai sa a dace. Hitchings ya zo da wani tunani. Duk ƙwayar halittar da za ta rabu biyu sai ta gina sabon DNA, kuma ginin yana buƙatar tubala, daga cikinsu akwai waɗanda ake kira fiyurin. Ƙwayar sankara, da ƙwayar cuta, da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, duk sun fi ƙwayoyin jiki na ƙalau gaggawar gini. To, in aka ƙera tubalin da ya yi kama da na gaske amma ba ya ɗaukar nauyi, magini mai gaggawa zai fizge shi ya ɗora, ginin ya tsaya cak. Elion aka danƙa wa aikin ƙera waɗannan tubala.

Ta ƙera su da yawa, tana gwada kowanne a kan wata ƙwayar bakteriya da ake samu a madara, ta ga wanda zai hana ta yaɗuwa. A 1951 ta ɗauki wani fiyurin na jiki, ta cire oksijin daga gurbi na shida ta sa farar wuta a madadinsa. Canjin ke nan, ƙwayar zarra guda. Abin da ya fito shi ne 6-MP. Aka gwada shi a asibitin Sloan-Kettering kan yara masu sankarar jini, yaran da a wancan zamani ba su cika wuce 'yan watanni ba bayan an gano cutar. Cutar ta lafa wa da dama daga cikinsu, kuma a 1953 hukuma ta amince da maganin.

Sai dai lafawa ce kawai. Bayan wani lokaci cutar ta riƙa dawowa, yaran suna mutuwa. A nan ne nake so ku buɗe kunne. Wani mai ƙera sinadari da sai ya koma kan teburinsa ya ci gaba da ƙera sababbi ɗari. Ita kuwa tambaya ta yi: in yaro ya haɗiye maganin nan, ina yake zuwa? Ta sa wa maganin alama da farar wuta mai fitar da tururin nukiliya don a iya bin sawunsa, ta riƙa karɓar fitsari da jini tana rarrabe abin da ke ciki, shekara da shekaru. Aikin ba shi da ƙyalli, kuma ba shi da ƙamshi. Amma a cikinsa ta gano cewa wani enzayim mai suna zantin oksides yana lalata kaso mai yawa na maganin, ya mayar da shi abin da ba ya aiki, ya fice ta fitsari.

Daga wannan awo magunguna biyu suka fito. Na farko alofurinol, wanda aka nema don ya danne enzayim ɗin. Da yake enzayim ɗin nan shi ne ke samar da sinadarin yurik, wanda in ya taru a gaɓoɓi yake kumbura babban yatsan ƙafa har mutum ya kasa taka ƙasa, sai alofurinol ya zama maganin wannan ciwo, har gobe. Ku da za ku tsaya a bayan kanta kuna ba da magani, ku riƙe wannan: mai shan alofurinol in aka haɗa masa da 6-MP, dole a rage adadin 6-MP sosai, in ba haka ba ya taru ya zama guba. Na biyu shi ne Imuran, wanda aka ƙera don ya riƙa sakin 6-MP a hankali cikin jiki. Bai fi na farko ba wajen yaƙar sankara, amma ya iya kwantar da garkuwar jiki. Wani matashin likitan tiyata ɗan Ingila, Roy Calne, ya gwada shi a kan karnuka, sannan a 1962 Joseph Murray ya yi amfani da shi a Boston wajen dasa wa mutum ƙodar wanda ba su haɗa jini ba, ƙodar ta zauna.

Haka ma Zovirax, maganin bairos ɗin nan mai fesar da ƙuraje a leɓe da al'aura. Ba ita ta ƙera shi ba, abokin aikinta Howard Schaeffer ne. Abin da ita da mutanenta suka yi shi ne gano sirrinsa: maganin yana nan kamar barci yake yi, sai ya shiga ƙwayar da bairos ya kama, enzayim ɗin bairos ɗin da kansa ya tashe shi. Kafin wannan, masana da yawa sun ɗauka ba za a iya kashe bairos ba sai an cutar da mai ɗauke da shi.

Duk wannan ta yi shi ba ta da digirin digirgir. Ta fara karatunsa da dare, aka ce ko ta bar aiki ko ta bar karatu, ta zaɓi aikin. A 1988 aka ba ta lambar Nobel tare da Hitchings da James Black. Ta rasu a 1999.

Yanzu bari in dawo gida. Duk shekara ɗalibai suna zuwa ofishina neman abin da za su yi bincike a kai, kuma kusan kowa so yake ya tato sabon magani daga ganye ko saiwa. Madalla da wannan buri. Amma in na ce wa ɗalibi ya je ya auna abin da ke cikin ƙwayoyin da ake sayarwa a kasuwa, sai in ga fuskarsa ta canza, kamar na rage masa daraja. Wannan yana damuna ƙwarai, domin mun san abin da rashin awo ya jawo mana. A 1990 yara 109 suka mutu a Nijeriya bayan shan ruwan farasitamol da aka haɗa da dayetilin gilaikol, sinadarin da ake sawa a ruwan birkin mota. A 2008 abin ya maimaitu da wani maganin fitowar haƙori, yara 84 suka tafi. Sinadarin ba shi da launi, yana da zaƙi-zaƙi, uwa ba ta da yadda za ta gane shi, sai ƙodar yaro ta tsaya. Gwajin da zai tona shi bai fi ƙarfin ɗakin awo mai kayan aiki ba. Sannan a 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓi wata-wata a lokacin damina a yankin Sahel, har da arewacin Nijeriya da Nijar, kuma a cikinsa akwai firimetamin, sinadarin nan na cikin Daraprim da Fansidar da ya fito daga ɗakin su Elion. Miliyoyin yara ke sha. Wani ne zai tabbatar cewa abin da aka rubuta a kwali shi ne a cikin ƙwayar, kuma wannan wanin daga cikinku zai fito.

Wata ɗalibata ta yarda ta yi irin wannan aiki. Ta sayo maganin zazzaɓi daga wurare daban-daban, ta daka kowace ƙwaya a ɗan turmin tangaran, ta narkar da garin, ta tace. Ta ja layi da fensir a ƙasan farantin gwaji, ta ɗiga kowane samfur da siririn bututu, a gefe ta ɗiga na asali. Muka tsayar da farantin a kwalba, muna kallon ruwan yana hawa a hankali. Da ya bushe ta kashe fitila, ta kunna mai shuɗin haske. Tabo ya fito a kowane layi, daidai tsayin na asali, sai layi guda, wanda ya fito fes babu komai. Ta sake gwajin sau uku, ba ta ce da ni uffan ba. A na ukun ta ɗago kai ta ce, “Malam, wannan fa a layinmu na saye shi, kuma shi muke ba ƙannena.” Washegari muka rubuta rahoto, muka haɗa da ragowar kwalin da lambar da ke jikinsa, muka kai wa hukuma.