Littattafan Girkina da Littafin da Ya Fi Su Duka

 Yau ba girki za mu yi ba, hira za mu yi a kan kantar littattafan da ke kicin ɗina. Wasu na tara atamfa, ni littafin girki nake tarawa, musamman tsofaffi.

Mafi tsufa a cikinsu shi ne na Isabella Beeton, wanda ya fara fitowa a Landan a 1861. Nawa sabon bugu ne, a wajen masu tsofaffin littattafai na saya. Abin da ya burge ni shi ne tsarinta: ta jera kayan haɗi tun farko, sannan yadda ake yi, da tsawon lokacin dahuwa, da kuɗin da za a kashe. Ku duba fa, matar nan shekararta 28 ta rasu, amma har yau ana bin wannan tsarin.

Sai Joy of Cooking na Irma Rombauer, wata Ba'amurkiya da ta buga shi da kuɗinta a 1931, bayan rasuwar mijinta. In kina karantawa kamar maƙwabciyarki ce ke miki bayani ta saman katanga. Na gida kuma ina da Miss Williams' Cookery Book na 1957, da Nigerian Cookbook na Anthonio da Isoun, na 1982.

Shawara ɗaya ga mai son tsohon littafi: ki kula da ma'auni. Da oza suke awo, oza ɗaya kuwa kusan giram 28 ne. Ranar farko ban san haka ba, na yi kek ya fito kamar dutse, wallahi ko yara ba su taɓa ba.

To amma wanda ya fi min su duka, wani tsohon littafin rubutu ne na 'yan makaranta, na Hajiyarmu, Allah Ya jiƙanta. Bangon ya yage, manja ya ɓata shafuka. Ita ba ruwanta da giram: gwangwanin madara biyu, ludayi ɗaya, gishiri ɗan kaɗan. Akwai funkaso, dubulan, nakiya, miyar taushe.

Shafin alkaki ne ke sa ni hawaye. Ta rubuta alkama da nono da mai, a kwaɓa a bari ya kwana, a sa ruwan kanwa. Nawa ne kanwar? Ba ta rubuta ba, don hannunta ya sani. Ni kuma kullum ina cewa sai Sallah mai zuwa zan zauna kusa da ita in gani. Ba ta kai Sallar ba. Sau huɗu ina gwadawa, ko ya yi tauri ko ya watse a cikin mai. Yana ciwuwa yanzu, amma ba nata ba ne.

Don haka 'yar'uwa, in mahaifiyarki ko kakarki na raye, a wannan satin ki shiga kicin da biro da takarda. In ta ce ɗan kaɗan, ki tare hannunta ki auna da cokali kafin ta zuba. Samari ku ma ban cire ku ba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.